Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Tef

Gwaggo, yayar Babanmu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya a wata kwaleji, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a kujerar 'yan kallo ba. Ɗakin aikinta a ƙarƙashin dandamalin yake, matakala goma sha huɗu daga bayan labule. Keken ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya na ƙafa, ɗaya na lantarki wanda ba ta taɓa yarda da shi ba. Sai dutsen guga, da butar shayi, da wata 'yar taga a can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Wasa kuwa ta silin take jinsa. Takun ƙafa kawai za ta ji ta ce maka, "Sarauniya ta fito, kuma ta taka gefen rigarta. Gobe ina da aiki."

A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya, amma kada ka kuskura ka ja da ita a kan wasannin baƙin ciki na mutanen Girka na dā. Wani dogon malami ne ya jawo mana wannan. Kowace shekara sai ya sa ɗalibansa sun yi ɗaya daga cikin wasannin nan, ita kuma Gwaggo ba ta sa almakashi a yadi sai an gaya mata wanda zai sa rigar da abin da zai same shi a cikinta. "Rigar wanda zai mutu daban, ta wanda zai yi kuka daban," in ji ta. Dole malamin ya riƙa saukowa yana zama a kan ƙunshin yadi, gwiwoyinsa dab da haɓarsa, yana ba ta labari tiryan-tiryan. Shekara ashirin suna haka. Shi ya yi ritaya da ciwon baya, ita ta fito da ilimin da take zane mu da shi har yau.

Saboda haka tun muna yara muka san cewa a wasannin nan ba a mutuwa a gaban mutane. Wanda ajalinsa ya zo sai ya shige bayan ƙofa, ya ƙwalla ƙara, shi ke nan. Daga nan wani ɗan aike ya fito ya tsaya ya ba da labarin yadda abin ya faru. Mamacin kuwa matakala zai bi ya sauko wajen Gwaggo.

"Duk wanda ya mutu wajena yake zuwa," haka take cewa tana hura hanci. "Sarakuna goma sha tara na ba shayi, kowanne da kambinsa a gwiwa. Akwai wanda ya ce mini sukari bai ji ba, ana can sama ana kukansa."

Amma ba rigar sarki take ɓata wa lokaci ba, ta ɗan aike ce. Sai ta jiƙa ta a ruwan ganyen shayi, ta goga ta a matakala, ta ɗan farke gwiwar wandon, don a ga mutum ne da ya sha hanya. Ta ce aikin sarki ba wuya, mutuwa kawai zai yi. Ɗan aike shi ne zai kalli idon mutanen gida, ya faro daga farko, ya bi daki-daki, bai rage ba bai ƙara ba. In bai faɗa ba, a ganinta, mutuwar ba ta kammala ba, tana nan a bayan ƙofa tana jira.

Akwai wani hali na aikinta da duk danginmu muka ɗanɗana. In za ta auna ka sai ta cusa yatsu biyu a ƙarƙashin tef, wai wurin numfashi, sannan ta rubuta lambar a tafin hannunta na hagu da biro. Ta saba da 'yan wasa masu ihu da ɗaga hannu sama, don haka mu da makaranta kawai muke zuwa muka tashi cikin riguna kamar na aro. Baba ne kaɗai ya tsira. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ta ɗinka masa wandon da ya ce shi da abokinsa za su iya shiga tare, bai sake tsaya mata ba. Shi kafinta ne, a wajensa gibin da ya kai kaurin farce laifi ne babba.

Mu biyu ne a wajen Baba, ni da Auta, shekara tara tsakaninmu. Ni malamar lissafi ce, ina son abu ya ba da amsa a ja masa layi biyu a ƙasa. Auta kuwa harkar fim ta karanta. Tana da shekara goma sha shida Umma ta rasu, a lokacin tana makarantar kwana, saura mata takarda biyu ta gama jarrabawar fita. Ranar Talata aka yi rasuwar, ba a taɓa ta da maganar ba sai Juma'a, da Gwaggo ta je ta taho da ita. Duk mun ɗauka shawarar Baba ce, shi kuma bai taɓa cewa ba tasa ba ce. Auta ba ta yi kuka a gabanmu ba, muka yi ta yaba haƙurinta.

Shekara bakwai bayan haka ta kawo fim ɗinta na kammala karatu, ta ce mu za mu fara gani kafin a nuna shi a zauren makarantarsu ranar Asabar mai zuwa. Baba har sabon tebur ya ƙera wa talabijin saboda ranar. Da la'asar muka ja labule muka zauna, Baba a tsakiya, Gwaggo a gefensa ta manto tabaranta a gida kamar kullum, sai ni da maigidana. Auta tana ƙasa ta rungume gwiwa.

Minti arba'in ne fim ɗin, kuma wallahi na fi gane takardar ɗalibin da ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Wata yarinya ce zaune a ɗaki tana feƙe fensir. Sai a nuna wasu mata goma sha biyu a tashar mota, kayansu iri ɗaya, suna magana baki ɗaya: "Mun ji, mun ji, amma ba mu aka aika ba." Mota ta zo, ba su shiga ba. Can sai ga wani dattijo ya taho da sauri, ya shiga ɗakin yarinyar, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya zaro tef ya auna taga ya fita. Ya dawo ya auna tebur. Ya dawo karo na uku ya auna hannun yarinyar. A ƙarshe ta tashi ta buɗe wata ƙofa, ga gado babu zanin gado babu matashi. Aka tsaya a kan gadon nan har na ɗauka na'urar ce ta maƙale. Sai sunaye suka fara hawa.

Maigidana, wanda ya yi barcin rabin fim ɗin, ya farka ya ce hoton ya fita tar. Ni na ce, "Auta, matan nan motar ce ba tasu ba?" Ba ta ko kalle ni ba, Baba take kallo.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Na gane," ya ce. "Na gode." Ya nufi shagonsa da ke bayan gida, ba a jima ba muka ji zarto yana cin katako kamar katakon ne ya yi fim ɗin.

Washegari ya aiko ni in gaya wa Auta ba zai je zauren ba. Ya ce ba zai zauna cikin jama'a ana nuna shi a matsayin mutumin da matarsa ta mutu shi yana auna taga ba. Auta ta ce in Baba ba zai je ba za ta janye fim ɗin, a ba ta sifiri. Na ce to ki je ki yi masa bayani mana. Ta ce in sai ta yi bayani ai ba ta yi fim ba ke nan. Raina ya ɓaci da su duka biyun, domin taurin kan nan nasu iri ɗaya ne sak. Karatun shekara huɗu zai tafi a banza, kuma abin da ya fi wannan tsorata ni, uba da 'ya sun fara wuce juna a tsakar gida kamar 'yan haya.

Na kai wa Gwaggo ƙara. Ta saurare ni da allura a baki, ta cire ta ce, "Kawo shi in sake ji."

Ji ta ce, ba gani ba, kuma da gaske take. Ranar Talata bayan na taso daga makaranta muka haɗu a gidan Baba. Ta juya kujerarta ta ba talabijin baya, ta ɗaga kai sama kamar tana ɗakinta na ƙarƙashin dandamali. Ni na zauna da littafi da biro.

"Matan nan 'yan amshi ne," ta ce tun ba a je ko'ina ba. "Sau ashirin ina ɗinka musu kaya, goma sha biyu goma sha biyu, har mafarkinsu nake yi. Su ne mutanen gari. Komai a kan idonsu ake yi, su yi tsaki, su yi tausayi, amma ba sa tsinana komai."

"To me ya hana su shiga mota?"

"Malama, 'yan amshi ba sa tafiya. In sun tafi wa zai ce wayyo?"

Na rubuta. Da dattijon ya taho ta ɗaga yatsa. "Ji tafiyarsa. Da gudu ya taso, da ya kusa ƙofa ya rage. Wannan ɗan aike ne, ko cikin barci na san takunsu. Duk ɗalibin da aka ba wannan aikin haka yake yi a saman kaina, ko ba a koya masa ba." Ta kasa kunne, ta ji shiru. "Me yake yi?"

"Yana auna taga."

"Bai faɗa ba?"

"Bai ce komai ba."

Sau uku tana tambayata, sau uku ina ba ta amsa ɗaya. Da aka gama ta juyo da kujerarta, fuskarta cike da jin daɗi irin na wadda ta tsinci maɓallin da ya ɓata tun bara. Ta ce babu wani ruɗani a fim ɗin, mu ne ba mu da ilimi. An yi mutuwa a bayan ƙofa yadda ya kamata, an taso ɗan aike yadda ya kamata, sai ɗan aiken ya ƙi yin aikinsa. Shi ya sa yarinyar ta je ta buɗe ƙofar da kanta, abin da bai kamata a bar kowa ya yi shi kaɗai ba.

"Shi ya sa kika ji fim ɗin ya tsaya miki a wuya," ta ce. "Mutanen Girka sun san abin da suke yi. A faɗa, a yi kuka, zuciya ta wanku, kowa ya koma gida sakayau. Nan kuwa an jiƙa wanki an bar shi a bokiti."

Gaskiya ta burge ni. Na ce, "To ɗan aiken Baba ne ke nan?"

"Wa kuma? Wa ya riƙe maganar har kwana uku? Tashi mu je in warware masa. Ai ba zagi ba ne, girma aka ba shi."

Muka sami Baba yana haɗa ƙafar kujera. Gwaggo ta share garin katako daga kan benci ta zauna kamar alƙali.

"Kafinta, ajiye wannan ka ji. Kai ne a fim ɗin, wannan ba musu."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ba zan je ba."

"Ba ka sani ba. A wasannin nan ba mugu ake sawa a tsakiya ba, mugu ba ya ba kowa tausayi. Mutumin kirki ake ɗaukowa, mai nufin alheri, ya yi niyyar abu ya kuskure da ɗan kaɗan kamar maharbi. Kuma ka san inda daɗin yake? Kowa a zauren ya gane shi ne, har mai shara, shi kaɗai ne bai sani ba. Yana ta nuna wasu da yatsa, yana ta zuba bayani. Sai can ƙarshe wani ya faɗi wata 'yar magana, ya ga kansa. Sau nawa ina jin su a saman kaina, takun ya tsaya cak."

Baba ya ajiye gudumarsa. "Ni duk wannan bai dame ni ba," ya ce. "In na yi laifi a faɗa. Abin da ya ci mini rai, yarinyar nan shekara ashirin da uku tana gidan nan, a ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, amma ba ta san yadda nake aiki ba. Wane kafinta ne zai auna taga da tef ɗin yadi? Ya cusa yatsu biyu a ƙarƙashi ya bar gibi, sannan ya rubuta a tafin hannu kamar ba shi da fensir a kunne? In haka nake awo da tuni ƙofofin garin nan sun zube."

Hannun Gwaggo ya tafi wuyanta, inda tef ɗinta yake rataye kullum, ta kama shi.

"Yatsu nawa ka ce?"

"Biyu. Sau uku yana yi."

Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Sau biyu na kalli fim ɗin nan, amma ina can ina ƙirga mata.

"Malama," Gwaggo ta ce a hankali, "aro mini tabaran mijinki."

Maigidana ya zo ɗaukata yana zaune a falo, na cire tabaran daga fuskarsa na ce ya je ya duba tayar mota. Wannan karon Gwaggo ta fuskanci talabijin, ta ce in kashe murya. Muka kalli dattijon yana shigowa, yana buɗe baki, yana zaro tef. A karo na uku ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannun yarinyar kafin ya auna, yadda tela yake yi don kada hannun riga ya ɗage. Ya cusa yatsu biyu. Ya rubuta a tafin hagu.

"Tsai da shi," ta ce.

Sannan ta gaya mini abin da babu wanda ya sani a gidan sai ita da Auta. Ranar Juma'ar nan tun a mota take bitar abin da za ta faɗa. Ta ce ai ita ta san aikin fiye da kowa, ta ji an yi shi sau ashirin. Da ta isa ƙofar makaranta sai ga Auta ta taho a guje tana dariya, ta gama jarrabawa, tana tambaya ko Umma ta aiko mata da wani abu. Gwaggo ta buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Tsaya, kin ƙara tsawo." Ta zaro tef ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta auna tsawon riga, a nan bakin ƙofa mutane suna wucewa. Awa huɗu suna mota tana ba ta labarin yadi. Da suka kusa gida ta ce, "Sai haƙuri fa," Auta ta ɗauka zafin mota ake nufi. Suna shiga yarinyar ta wuce kowa ta nufi ɗakin Umma.

"Shekara bakwai ina gaya wa kaina cewa 'sai haƙuri' ɗin nan ya isar da saƙon," in ji Gwaggo. "Ku kuma kowa ya ɗauka na gaya mata komai, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ashe yarinyar nan har yau ba ta san yadda uwarta ta rasu ba."

Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina. Ina cikin matan nan goma sha biyu, ni da nake tambaya me ya hana su shiga mota.

Ta cire tabaran, ta cire tef daga wuyanta ta miƙo mini. "Riƙe mini wannan, kada ki ba ni ko na roƙa." Ban taɓa ganin wuyanta babu shi ba. Ta taho da sauri ta tsakar gida, da ta kusa ɗakin Auta ta rage.

Auta tana kan gado da kwamfuta a cinya. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, an aiko ni wajenki," ta ce. "Na makara."

Auta ta kalli wuyan Gwaggo, ta kalli tef ɗin a hannuna, ta rufe kwamfutar. "Shigo ki zauna, Gwaggo."

"A'a, a tsaye ake yi."

Ta faro daga farko. "Ranar Talata ce da hantsi. Na zo gwada wa Ummanki riga, shuɗiya mai ƙananan furanni. Na same ta tana shanya. Ta ce ko na san takardar da kike rubutawa yau, na ce ni ina zan sani. Ta ce labarin ƙasa ne. Ta yi dariya ta ce yarinyar da take ɓata tsakanin gida da kantin magani ita ce yau za ta zana taswirar duniya. Tana cikin dariyar ta ce hannunta ya yi nauyi, ta zauna a matakalar kicin. Na kira Babanki, ya zo da fensir a kunne, ya ɗauke ta ya sa a motar maƙwabci. A hanya kanta yana cinyata, ƙafafunta suna cinyarsa. Ba ta yi ihu ba, ta dai ce ƙirjinta kamar an ɗora dutsen guga. Ta ce a tuna a kwashe shanya, hadari yana haɗuwa. Sannan ta kama hannun Babanki ta ce in wani abu ya faru kada a taɓa Auta sai ta ajiye biro. Ya ce babu abin da zai faru. Ta ce ka dai yi mini alkawari. Ya yi. Muna shiga ƙofar asibiti ta cika, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Ni na rufe mata ido. Fuskarta kamar ba ta gama dariyar nan ba. Abin da na gani ke nan, ban rage ba ban ƙara ba."

"Ita ta ce kada a gaya mini?" Auta ta tambaya.

"Ita ta ce."

Sai Auta ta fashe da kukan da muka yi shekara bakwai muna yaba mata rashinsa. Gwaggo ta ƙarasa ciki ta rungume ta, ni ma ban san lokacin da na bi su ba. Da na ɗago ido sai ga Baba a bakin ƙofa, garin katako har a gira, ban san tun yaushe yake tsaye ba.

"Shanyar ni na kwashe," ya ce. "Kuma an yi ruwan, wajen ƙarfe huɗu."

Auta ta tashi ta riƙe shi, ya tsaya ƙiƙam kamar ƙyauren da ya kafa da kansa, hawaye suna bin garin katakon. Da numfashi ya dawo mata ta ce, "Baba, ba kai ba ne. Na mai da shi namiji ne don kada Gwaggo ta gane, sai kai ka ɗauka. Da na ce ba kai ba ne, sai ka tambaye ni to wane ne."

"Ni dai awon ne ya dame ni," in ji Baba yana share fuska da gefen riga.

Ana cikin haka maigidana ya leƙo yana lalube, ya ce tayoyin lafiyarsu ƙalau, amma don Allah wa ya ga tabaransa. Muka kwashe da dariya da jiƙaƙƙun fuskoki, shi kuma ya tsaya yana tunanin abin da ya faɗa. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce in ba ta tef ɗinta. Na ce ai ta ce ko ta roƙa kada in ba ta. Ta ce in ba ta kafin ta tuna mini ranar da ta wanke mini wando a aji ɗaya.

Ranar Asabar Baba ya riga kowa shiryawa. Gwaggo ta zo da nata tabaran, rataye da zare a wuya kusa da tef. A ƙofar zauren ta tsaya tana waige-waige, wai ina hanyar ƙasa take. Auta ta kama hannunta ta kai ta layin gaba, ta zaunar da ita tsakaninta da Baba. Gwaggo ta shafa hannun kujerar, ta ce ashe haka suke da laushi, shi ya sa 'yan kallo ba sa tausayin masu aiki.

Da aka fara ta yi shiru na minti goma, wanda a wajenta babbar sadaukarwa ce. Daga nan ta raɗa mini ta bayan Baba cewa ɗinkin matan nan ba hannu ɗaya ba ne, uku daga cikinsu kalmasar ta karkace. Da dattijon ya fito ta yi tsaki ta ce rigarsa ta yi tsabta da yawa, da an kawo mata da ta sha ruwan shayi. Ya auna taga, ta gyara zama. Ya auna tebur, na ga ta damƙe hannun kujera. Da ya shigo karo na uku ya tsaya gaban yarinyar ya buɗe baki, zauren ya yi tsit, sai muryar Gwaggo ta fito, duk layin gaba suka ji.

"Faɗa mata mana, bawan Allah."

Wasu suka yi 'yar dariya a baya. Auta ta kwantar da kanta a kafaɗar Gwaggo. Baba bai ɗauke ido daga kan allon ba, ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Yaya," ya ce, "ai ya faɗa."